Ƙara wa katin girafik gudu

Ƙara wa katin girafik gudu shi ne tilasta wa katin da ke zana hotuna a kwamfuta ya yi aiki da saurin da ya zarce wanda kamfani ya saita masa, domin wasan bidiyo ya riƙa tafiya sumul ba tare da tsinkewa ba. Ana auna wannan sauri da megahaz, kuma wurare biyu ake taɓawa: guntun da ke lissafin hoto, wato GPU, da kuma ma'ajiyar da ke riƙe bayanan hoton. Ana gane riba ta yawan hotunan da katin ke iya fitarwa a daƙiƙa guda.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne, guntayen da aka ƙera a masana'anta ɗaya, da tsari ɗaya, ba sa fitowa da inganci ɗaya. Kamfanoni irin su Nvidia da AMD sukan tsayar da saurin da ko mafi rauni a cikinsu zai iya jurewa, don haka sauran sukan kasance da ɗan rarar da ba a yi amfani da ita ba. Babu wanda zai san girman rarar katinsa sai ya gwada, shi ya sa masu harkar ke kwatanta sayen kati da caca. Kamfanonin da ke harhaɗa katunan, kamar Asus da MSI da Gigabyte, su ma sukan ƙara gudun tun daga masana'anta, su liƙa wa katin alamar OC, mai nuna an riga an ƙara masa gudu, su sayar da shi da ɗan tsada.

A da, kati yana da gudu ƙwaya ɗaya tsayayye, kuma mai shi na iya samun ƙari mai tsoka. Lamarin ya sauya a shekarar 2012, lokacin da Nvidia ta fito da GeForce GTX 680 tare da tsarin GPU Boost, wanda ke sa katin ya riƙa ɗaga gudunsa da kansa muddin yana da sararin wuta. Tsare-tsaren da suka biyo baya sun haɗa da lura da zafi, AMD ma ta ɗauki irin wannan hanya. Sakamakon haka, katin zamani ya riga ya cinye mafi yawan rararsa kafin a taɓa shi, kuma abin da mutum ke samu da hannunsa galibi ba ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Wasan da ke ba da hotuna 60 a daƙiƙa zai iya kai 64 ko 66, wanda yana da amfani, amma ba zai mai da tsohon kati sabo ba.

Manhajar da aka fi amfani da ita ita ce MSI Afterburner, wadda ke aiki da katunan kamfanoni daban-daban, yayin da AMD ta sanya nata kayan saitin cikin manhajar Adrenalin. Ana fara da auna katin a yadda yake da manhajar gwaji irin su 3DMark ko Unigine Heaven, sannan a ɗaga iyakar wutar da aka yarje masa, a ƙara gudun GPU kaɗan-kaɗan, kamar megahaz 15 a kowane mataki, ana sake gwaji. Idan aka wuce gona da iri, alamun ba sa ɓuya: ɗige-ɗige masu launi a fuskar allo, layuka masu walƙiya, hoto ya daskare, ko wasan ya rufe kansa. A nan sai a ja baya. Ma'ajiyar ta fi yaudara, domin nau'in GDDR6X da ya zo da wasu katunan RTX 30 a 2020 yana gano kuskure ya sake aika bayanan, sai a ga hoto lafiya lau alhali makin gwaji yana raguwa.

Zafi shi ne ainihin shingen. Wutar da guntu ke ci tana ƙaruwa da gudu, amma ta fi ƙaruwa ninki idan aka ɗaga ƙarfin lantarkin da ke shiga cikinsa, kuma duk wutar nan zafi take komawa. Da zarar katin ya ɗumama, sai ya rage gudunsa don kare kansa, ribar ta tafi a banza. Wannan ya fi shafar wanda ke zaune a wuri irin Kano ko Zinder, inda zafin bazara ke kai digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya katin. A irin wannan yanayi, share fanka da sabunta man da ke tsakanin guntu da ƙarfen sanyaya sun fi jan ma'aunin gudu amfani. Wasu ma sukan bi akasin hanyar, su rage ƙarfin lantarki su bar gudun yadda yake, katin ya yi sanyi, fankarsa ta rage hayaniya.

Ƙarin da aka yi ta manhaja ba kasafai yake lalata kati ba, saboda iyakokin da kamfani ya kafa suna nan. Haɗarin yana wajen masu sauya BIOS, wato manhajar da kamfani ya dasa cikin katin, ko su taɓa sassansa, abin da ke iya soke garanti. Masu gasar ƙara gudu kuwa sukan zuba ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, su ɗora sakamakonsu a dandalin HWBOT, amma irin wannan gudu na 'yan mintoci ne kawai, ba a yin wasan yau da kullum da shi.