Mene ne "matsin lamba" a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka?

A bakin masana halayyar 'yan wasa, matsin lamba shi ne nauyin da ɗan wasa ke ɗora wa wani lokaci a ransa, gwargwadon abin da yake ganin zai rasa idan ya ɓarar. Shi ya sa ɗalibai biyu kan shiga yanayi ɗaya, wannan na ganin dama ta samu, wancan na hango abin kunya.

An fi gane shi a jifan kyauta, wanda ake ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta. Ƙafa 15 ne tsakaninsa da allon kwando, babu mai tare shi, kuma tun yana yaro yake wannan jifa. To me ke sa ya ɓarar? Masanin halayyar ɗan Adam Roy Baumeister ya ba da amsa a 1984: tsoron kuskure na sa mutum ya koma sa wa hannunsa ido, aikin da jiki ya riga ya haddace ya dagule. Kociyoyi sun san haka sarai, shi ya sa sukan nemi ɗan hutu daidai lokacin da abokin hamayya zai jefa, don tunani ya cinye shi.

Gasar watan Maris ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, kuwa ba ta da gobe, wanda aka ci sai gida. A wasan ƙarshe na 2008, jami'ar Memphis na gaban jami'ar Kansas da maki tara, saura minti biyu da 'yan daƙiƙu. Chris Douglas-Roberts da Derrick Rose na Memphis suka ɓarar da huɗu cikin jifan kyauta biyar na ƙarshe, Mario Chalmers na Kansas ya farke da jifa mai maki uku, Kansas ta ci 75 da 68 a ƙarin lokaci. Rose na da shekara 19 a lokacin.

Sai dai a ganina ana saurin ɗora wa matsin lamba laifi. Memphis dama ba ta iya jifan kyauta ba duk kakar nan, an yi ta faɗa tun kafin gasar.

Nauyin dai ya ƙaru yanzu. Tun 2021 ɗalibai ke samun kuɗi da sunansu da hotonsu, kuma bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 cacar wasanni ta bazu a jihohi da dama, har waɗanda suka yi asara kan bi yaro da zagi a wayarsa.