Ku bar wa kududdufi da fadama tazararsu

Jama'a, ni duba-gari ne. Aikina shiga lungu da saƙo ina leƙa kwata da masai da rijiya. Kafin damina ta kankama, ina so mu yi maganar filayen da ake yankawa a bakin kududdufi da fadama, da layukan da ke ratsa su.

Kududdufan tsofaffin garuruwanmu ba a banza suke ba. Kakanninmu sun haƙi ƙasa sun yi tubali sun gina gidaje da ganuwa, ramin da ya saura ya zama matattarar ruwan unguwa. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a watan Agusta, can yake kwanciya, ƙasa ta riƙa shanye shi a hankali. Yanzu kuwa sai a fara da zuba shara, a bi da tifa uku ko huɗu ta ɓaraguzai, kafin shekara ta zagayo dillali ya ja igiya ya ce ga fuloti. Ruwan sama bai ragu ba, makwancinsa aka ƙwace, shi ya sa yake shiga ɗakunan mutane. A ambaliyar 2022 an rasa sama da mutum 600 a Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Mokwa ta jihar Neja, a ƙarshen watan Mayu na 2025, ruwa ya tafi da fiye da mutum 150.

Abin da ya fi damuna ma shi ne wanda ba ya shiga labarai. A gidan da aka gina kan ciko, ruwan ƙasa na nan kusa. Ka haƙa masai, tun ba ka yi gaba biyu ba ka tarar da laima. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce a samu aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, amma fuloti mai ƙafa 50 a tsaye 50 a kwance ko kusurwa zuwa kusurwa ka auna bai kai haka ba. Da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, abin da ke cikin masai sai ya tsiyaya zuwa rijiyar gidan ko ta maƙwabci. Daga nan amai da gudawa da taifot ke samun ƙofa. Na shiga gidan da yara uku ke kwance lokaci guda, mahaifiyarsu tana rantsuwa ba su ci komai a waje ba, kuma gaskiya ta faɗa: rijiyar tsakar gidanta ce. Ga sauro da ke ƙyanƙyasa a duk inda ruwa ya kwana mako guda, ga tsargiya da yara ke ɗauka wajen wanka a ruwan da ba ya gudu.

To, wa ke da iko a kan wannan? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama a kansu. Hukumomin tsara birane, irin KNUPDA a Kano, su ke faɗin tazarar da za a bari tsakanin gini da hanyar ruwa. Sa hannun mai unguwa da shaidu a takardar ciniki shaida ce ta cewa ka biya kuɗi, amma ba ita ce izinin gini ba. Don Allah kafin ku biya, ku je ofishin filaye ku tambaya. Ku kuma je ku ga filin da damina, kada ku tsaya ga gani da rani. Ku duba jikin katangun maƙwabta, shatin ruwan bara yana nan. Ku tambayi dattijon da ya daɗe a wurin inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa, ku ja da baya daga nan.

Sai batun hanya. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina tituna da magudanan ruwa da kula da su. Sai dai layin awon igiya sau da yawa ba ya cikin taswirar kowace hukuma, don haka gyaransa yakan koma wuyan mazauna. A nan ake yin kuskuren da nake gani kowace shekara: kowa ya sayo burji ya tada ƙofar gidansa, ya fi na maƙwabci tudu, ruwa ya gangara gidan wanda ba shi da kuɗin tifa, galibi gidan gwauruwa ko na tsoho. Wani kuma ya toshe lambatu don motarsa ta samu shiga.

Gyaran layi aikin gayya ne. A zauna da mai unguwa, a fara gano inda ruwan layin zai fita, a yashe lambatu daga ƙasa zuwa sama, a sa kwalbati a mararraba, sannan a zuba burji bai ɗaya. Yashin da aka kwaso a kwashe shi ran nan, in an bar shi a gefe ruwan farko zai mayar da shi.

Ku rubuta wa kansilanku takarda, da sa hannun magidanta da na mai unguwa, kuna neman abu biyu: a kafa duwatsun iyaka a kewayen kududdufin da ya rage muku, a kuma shigar da layinku cikin hanyoyin da ƙaramar hukuma ke kula da su. Ku riƙe kwafi, ku bi sawu a sakatariya. Idan kun ga tifa na juye ƙasa a bakin ruwa, ku sanar da duba-garin yankinku tun a ranar, kafin a kafa harsashi.