Waiwaye: Yadda tufafin manoman Turai suka zama shaidar mazan Amish

Wanda ya ga namijin Amish, wata ɗariƙar Kiristoci masu riƙe da tsohon tsarin rayuwa, a ƙauyukan jihohin Pensilbaniya ko Ohayo na Amurka, da baƙar malafa mai faɗin baki da dogon gemu ba gashin baki, zai ɗauka wani malami ne ya zauna ya tsara musu wannan shiga. Gaskiyar ita ce galibinta kayan manoman Suwizalan da kudancin Jamus ne na da can. Duniya ce ta sake salo, su suka ƙi binta.

Asalinsu daga masu aƙidar yi wa baligi baftisma ne, wadda ta ɓullo a birnin Zurik na Suwizalan a 1525. A 1693 Jakob Ammann ya ɓalle da mabiyansa daga 'yan Mennonite, wani reshe na wannan aƙida, kuma daga sunansa aka samo sunan Amish. Babban saɓanin a kan ƙaurace wa mai laifi ne, amma Ammann, wanda tela ne, ya tsananta kan sutura, ya soki rage gemu da kayan alfahari. Su a wurinsu girman kai ne babbar cuta, kuma tufafi na cikin ƙofofinsa.

Batun maɓalli ya fi ɗaukar hankali. A wancan zamani maɓallai kayan ado ne na masu hali da hafsoshin soja, don haka Amish suka tsaya kan 'yar ƙugiya da zobenta. Har yau kwat ɗin zuwa coci da falmaran da ƙugiya ake ɗaure su, ko da yake rigar ciki tana da maɓalli, abin da ke nuna dokar ba ta kai tsaurin da 'yan kallo ke zato ba. Gashin baki ma soja aka san shi da shi, su kuwa ba sa yaƙi. Gemu, a yawancin garuruwansu, sai an yi aure ake barinsa.

Sun fara ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 18. Tsakanin 1862 da 1878 shugabanninsu suka yi ta taro kan sauye-sauyen zamani, aka rabu. Masu riƙe da tsohon tsari suka ƙara ƙanƙame suturarsu: wando mai murfi a gaba ba zif, ba bel, sai igiyar rataya a kafaɗa. Yaro kuwa tun yana ƙarami ake yi masa shiga irin ta babansa, har da malafar kaba ta lokacin zafi.

Kowace jama'a da tata ƙa'idar, wadda suke kira Ordnung. A kwarin Big Valley na Pensilbaniya akwai masu igiyar wando guda ɗaya, akwai waɗanda ba sa sa ko ɗaya, kuma faɗin bakin malafa kan nuna ɓangaren da mutum yake.

A 2011 wasu 'yan ɓaraka daga Bergholz a Ohayo suka riƙa auka wa 'yan uwansu suna yanke musu gemu don tozartawa. Kotun tarayya ta yanke wa jagoransu, Samuel Mullet, ɗaurin shekara 15 a 2013, daga baya aka rage.