Tantanin musayar aniyon a fiyul sel mai alkali

Tantanin musayar aniyon wata siririyar leda ce ta folima, wato dangin roba, da ake sawa a tsakiyar fiyul sel, wato na'urar da ke haɗa iskar haidurojin da oksijin ta ba da lantarki da ruwa ba tare da an ƙona komai ba. Aikinsa kamar na mataci ne, yana barin haidiroksaid, wadda aniyon ce, wato ƙwayar sinadari mai cajin negetif, ta wuce daga katod (gefen oksijin) zuwa anod (gefen haidurojin), iskokin biyu kuma ya tare su kar su gauraya.

Tarihi

William Grove ne ya fara nuna dabarar fiyul sel a Birtaniya wajen 1839, amma mai alkali ɗin, wato mai aiki da sinadarin da ke kishiyar asid, aikin Francis Bacon ne, injiniya ɗan Ingila, wanda ya kama binciken tun wajen 1932 bai kai ga nuna injin mai kusan kilowat 5 ba sai 1959, kusan shekara 27 kenan yana abu ɗaya. Kamfanin Pratt & Whitney ya karɓi lasisin, da irinsa kumbon Apollo ya je wata a 1969, yana ba 'yan sama jannati wuta da ruwan sha. A injin Bacon ba leda, ruwan fotasiyam haidiroksaid ne a ciki, ɗan'uwan sodar nan da masu sabulu ke saye a kasuwar Sabon Gari, kuma duk wanda ta taɓa zubo masa a hannu ya san ba ta wasa. A sama oksijin ɗin tsantsa ne. A ƙasa kuwa iska na ɗauke da kabon dayoksaid, tana shiga ruwan sai ya koma kabonet, wani gishiri dangin kanwa, ya toshe ƙananan ƙofofin da iska ke bi a katod da anod. Wannan ya sa aka juya ga fiyul sel mai asid da ledar Nafion ta DuPont, wadda ita kuma sai da filatinam, ƙarfe mai ɗan karen tsada da mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi.

A farkon shekarun 2000 ne masu bincike irin su John Varcoe da Robert Slade na Jami'ar Surrey suka sake tado maganar, a daskarar da alkalin cikin leda, tunda a alkali nikel da azurfa da ƙarfe ma suna iya yin wani ɓangare na aikin filatinam.

Matsalar

Haidiroksaid ba ta da saurin furoton, ƙwayar da ke wucewa a fiyul sel mai asid, gudunta a ruwa kusan rabi ne da ɗan wani abu, dan haka sai an cusa wa ledar rukunin amoniyam masu cajin fozitif, waɗanda ke jan haidiroksaid ɗin, da yawa kafin ta kai wuta sosai. To da sun yi yawa sai ta sha ruwa ta kumbura ta yi laushi. Ga kuma babbar, ita haidiroksaid ɗin da ake so ta wuce ita ke cinye rukunin amoniyam ɗin, ta hanyar da masanin sinadarai Hofmann ɗan Jamus ya bayyana tun 1851, tana kuma yanke ƙashin bayan folimar inda akwai mahaɗin "ether", wato inda oksijin ya haɗa kabon biyu. Abin ya fi muni a gefen katod saboda can ake shanye ruwa, in ya bushe haidiroksaid ta fi cizo. Mai tunanin kafa irin wannan a Samaru lokacin hunturu, ga bushewa ga ƙura, sai ya fara da nan.

Inda aka kai

Yanzu an fi karkata ga folimar da ba ta da wancan mahaɗin, da zoben fiferidiniyam, kamar PiperION da ta fito daga aikin Yushan Yan a Jami'ar Delaware. Akwai Fumasep ta Jamus da Aemion ta Kanada. A awon yadda leda ke kai wuta, wasu sun wuce milisimens 100 a santimita a zafin digiri 80. Batun daɗewa ana jayayya, dakunan gwaji ba sa awo iri ɗaya.

Amfani

Galibi gwaji ne, an ma fi sayen ledar dan injin raba ruwa a samu haidurojin.