Kula da tsofaffi a Jihar Zamfara

Kula da tsofaffi a Jihar Zamfara aiki ne da ya rataya a wuyan iyali. Gidan tsofaffi irin na Ingila da Amurka, inda ake biyan kuɗi ma'aikatan jinya su riƙe mutum har ƙarshen rayuwarsa, baƙon abu ne a Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara, kuma duk wanda ya kai mahaifinsa irin wannan wuri ya ja wa zuri'arsa abin gori. Tushen hakan yana cikin aya ta 23 ta Suratul Isra'i, wadda ta hana a ce wa iyaye ko da "uf" idan tsufa ya riske su.

A bisa al'ada tsoho ba ya barin gidansa, 'ya'yan ne ke zaune tare da shi. Tsohuwa kuwa ana ba ta jika guda ta riƙa kwana a ɗakinta, ta zuba mata ruwan alwala a buta, ta dama mata fura, ta nemo mata carbi idan ya shige ƙarƙashin tabarma. Wasan kaka da jika, inda yaro ke kiran kakarsa "matata" ita kuma ta ce ba ta son miji marowaci, yana kore kaɗaici fiye da yadda ake zato. Amma aiki mai nauyi, wato wanka da wankin shimfiɗa da tashin dare, matan gida ne ke yin sa, musamman surukai, kuma ba kasafai ake ambaton su ba idan ana yabon ɗa mai biyayya.

Cututtukan da suka fi damun tsofaffi su ne hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa da yanar ido. Hawan jini ya fi haɗari domin ba ya nuna alama, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Wanda ya kwanta haka yana buƙatar a riƙa juya shi kusan duk bayan awa 2, in ba haka ba gyambo ya fito masa a ƙugu da diddige. Yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki a asibiti, amma da yawa suna zama cikin duhu shekara da shekaru saboda an ɗauka makanta rabon tsufa ce. Abin da ya fi ban tausayi shi ne gigin tsufa. Tsohuwa ta manta sunan ɗanta, ta fita da dare tana neman gidan iyayenta, sai a ce aljanu ne ko a jefe ta da maita, alhali cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Masu neman magani sukan je Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, duka a Gusau. Cibiyar farko a Najeriya da aka keɓe don jinyar tsofaffi an buɗe ta ne a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2012.

Addini ya sauƙaƙa wa tsoho ibada. Hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba da damar yin salla a zaune, ko a kwance a kan gefe idan zaman ya gagara. Akwai taimama ga wanda ruwa ke cutar da shi. Wanda azumi ya fi ƙarfinsa zai sha, kuma a mazhabar Malikiyya mustahabbi ne ya ciyar da mudu ɗaya a madadin kowace rana. Masallacin unguwa shi ne majalisar dattawa: wanda aka rasa a sahu kwana biyu, za a bi shi gida a duba.

Wannan tsari yanzu yana tangal-tangal. Hare-haren 'yan bindiga a yankunan Maru, Anka, Zurmi da Shinkafi sun watse ƙauyuka, kuma ranar gudu tsoho ne ake bari a baya ko a goya shi. Wanda ya tsira ya iso birni ya rabu da gonarsa da rumbunsa da abokan hirarsa, wasu ma bara ta zame musu dole. Marasa 'ya'ya da zawarawan da suka manyanta su suka fi shiga wannan hali.

Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar, wadda aka kafa bayan ƙaddamar da Shari'a a 1999, tana raba tallafi ga mabuƙata, tsofaffi na cikinsu. A matakin tarayya an sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Ofishin cibiyar yana Abuja, tsohon da ke ƙauyen Dansadau kuwa abin da 'ya'yansa da maƙwabta suka kawo shi ne abincinsa na yau.