Mene ne zayyana alƙaluma, kuma a ina ado ya kamata ya tsaya?

Da an ce data, hankalin mai waya sai ya tafi kan abin da yake saya don hawa intanet. To ba ita ake nufi a nan ba. Data a bakin masu bincike ita ce bayanan da aka tattara: amsoshin tambayoyi, ƙidaya, awo, kwanakin wata. Zayyana alƙaluma kuwa shi ne a mayar da waɗannan bayanai abin da ido zai kama, kamar tsawon sanda, girman da'ira, launi, ko inda ɗigo ya faɗa a takarda. Idan mutum 40 suka ce e, 20 suka ce a'a, sandar e za ta yi biyun ta a'a. Kafin a karanta lamba, ido ya riga ya ba da labari.

Sana'ar ta daɗe. William Playfair, ɗan Sikotland, shi ya fito da zanen sanduna a shekarar 1786, a 1801 kuma ya kawo da'irar nan da ake yayyankawa kashi-kashi. A 1858 Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Birtaniya, ta zana mace-macen sojojin Birtaniya a yaƙin Kirimiya wata-wata, ja ga waɗanda rauni ya kashe, shuɗi ga waɗanda cutar da ake iya kiyayewa ta kashe. Shuɗin ya kusa cinye takardar.

Amma wanda ya fi kusa da batunmu shi ne aikin W.E.B. Du Bois, masanin zamantakewa baƙar fata ɗan Amurka. A 1900 shi da ɗaliban Jami'ar Atlanta suka shirya zane-zane kusan 60 domin baje-kolin duniya na birnin Paris, duk da hannu aka yi su, suna nuna rayuwar baƙaƙen fata a Amurka. A ɗaya daga ciki, layin mazauna karkara, mai launin ja, ya yi tsawon da takarda ba za ta ɗauke shi a miƙe ba, sai suka naɗe shi kamar maciji ya kwanta. Zanen ya yi kyau, amma naɗin ba don kwalliya aka yi shi ba, yawan mutanen ne ya tilasta shi. A ganina duk ma'anar zayyana alƙaluma cikin fasaha tana cikin wannan jan layin.

A ce ajin zane ne mai ɗalibai 30, malama ta raba takardar tambayoyi. Awa nawa kake yi a ɗakin aiki a mako? Da me ka fi son aiki, fenti, yumɓu ko kwamfuta? Yaya kake ji ranar da ake kafa aikinka a bango kowa ya tofa albarkacin bakinsa? Hanya mai sauƙi ita ce a zuba amsoshin a manhajar lissafi ta Excel ta fitar da da'ira uku. Ba laifi ba ne, sai dai a cikinsu ba wanda zai ga kansa.

Ɗalibar da ta fahimci abin za ta iya cewa kowane ɗan aji tsiro ne guda. Tsawon kara shi ne awannin aiki, santimita ɗaya awa ɗaya. Launin fure shi ne kayan aiki. Wanda ya ce ranar kafa aiki a bango tana masa ciwo, a sa wa karansa ƙaya. Da an jera tsirrai 30 ɗin daga gajere zuwa dogo, tambayar da ba a yi a takarda ba sai ta fito da kanta: ƙayoyin nan, a wajen dogaye suka taru ko a wajen gajeru? Da'ira uku daban-daban ba za su taɓa nuna wannan ba, domin sun raba amsoshin mutum ɗaya gida uku.

Sharaɗin shi ne kowace alama ta zama tana da doka, kuma dokar ta hau kan kowa. Ba a ƙara wa wani fure ganye don gefen ya yi fayau. Shi ya sa mabuɗin zane, wato ɗan bayanin da ke cewa kaza yana nufin kaza, ba abin ƙyuya ba ne. Giorgia Lupi da Stefanie Posavec, masu zane biyu, ɗaya a New York ɗaya a Landan, sun yi mako 52 suna aika wa juna katin wasiƙa, kowace tana zana abin da ta ƙirga a rayuwarta a wannan makon. Gaban katin zane ne, bayansa mabuɗi. In babu bayan, gaban ado ne kawai.

Inda masu fasaha suka fi zamewa shi ne girma. In ka ninka faɗin da'ira sau biyu, filin da ta ci ya ninka sau huɗu, don haka mutum 20 za su danne mutum 10 kamar su 40 ne. Otto Neurath da abokan aikinsa a Vienna sun magance wannan tun shekarun 1920: kada a kumbura hoto, a maimaita shi. Ɗan mutum ɗaya ya wakilci adadi kaza, in an sami biyunsa a zana biyu. Gwajin William Cleveland da Robert McGill na 1984 ma ya nuna ido ya fi iya kwatanta matsayi da tsawo fiye da kusurwa ko fili. Launi kuma, ja da kore kaɗai ba su isa rarrabewa ba, don akwai masu kallo da idonsu ba ya bambance su. A haɗa launi da siffa.

Akwai kuma tarkon matsakaici. Tambayar nan mai matakai biyar, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai", wadda Rensis Likert ya tsara a 1932, ana yawan dunƙule ta a lamba ɗaya. In 15 suka zaɓi 1, 15 suka zaɓi 5, matsakaici 3 ne, wato kamar ajin ba ruwansa, alhali ya rabu biyu kuma ba wanda ya zaɓi 3 ɗin. Zanen da ya ba kowa alamarsa zai nuna tsagewar.

Amsoshin da ɗalibai suka rubuta da kalmominsu su suka fi daɗi, su kuma aka fi wulaƙantawa. Abin da aka saba shi ne a jefa su cikin manhajar da ke tara kalmomi kamar gajimare, wadda ta fi yawa ta fi girma. Ni dai ban yarda da ita ba. "Ina son suka" da "ba na son suka" duk suka za su kumbura, in Hausa ce ma har "suka tafi" da "suka zo" za su shiga lissafin. Gara a zauna a karanta, a ware amsoshin rukuni-rukuni da hannu, sannan a zana.

Saura abu ɗaya da alama-ɗaya-mutum-ɗaya ke jawowa. A aji ƙarami, in ɗalibi guda ne ke aiki da yumɓu, furensa sunansa ne, ƙayar da ke karansa kuma kowa zai gani, har malamar da ke ba shi maki. Kafin a kafa zanen a bango, ko dai a haɗa rukuninsa da wani, ko a cire tambayar mai nauyi daga zanen, ko a nuna masa a ji ta bakinsa.