Jinsen: Kafin ka yaga ledar nan

Da hantsi wani ɗan kabu-kabu ya shigo ɗakin shan maganin da nake aiki a Jega, ya dafe ƙirji, gumi na keto masa. Ya ce, "Malama, tun daren jiya ƙirjina ke bugawa fat-fat, ko runtsawa ban yi ba." Na auna shi, jini ya hau. Sai da na matsa da tambaya sannan ya laluba aljihu ya zaro 'yar ledar kofi, da hoton saiwa a jiki, an rubuta Ginseng da manyan baƙaƙe. Uku ya sha a jere, wai don ya jure aiki.

Jinsen dai ba ƙarya ba ce. Saiwa ce da mutanen Koriya da Sin suka daɗe suna magani da ita, akwai kuma wani irin da ake nomawa a Amurka da Kanada. Sanyi da inuwa take so, shi ya sa ba za ka gan ta a fadamar Argungu ba. Kuma ba ta sauri: shekara 4 zuwa 6 take yi a ƙasa kafin a tone ta. Wadda ake kira jar jinsen, turara ta ake yi a shanya har ta rine. To, abin da ya ci wannan wahala, ya ƙetaro teku, yaya za a yi a cika maka leda da shi a kuɗin ƙosai? Nan ne tunanina ke tsayawa kullum.

Amfaninta kuwa akwai, sai dai bai kai yadda masu lasifika a bayan mota ke zuzutawa ba. An ga tana ɗan rage kasala, tana ɗan sauke sukarin jini, wasu maza kuma sun ga sauƙi a wajen raunin gaba. Ɗan sauƙi na ce. Ba ta warkar da ciwon suga, ba ta warkar da hawan jini, ba ta kuma maye gurbin maganin asibiti. Illarta da aka fi gani rashin barci ne, sai ciwon kai, ɓacin ciki da bugun zuciya, musamman in ta haɗu da kofi ko lemon ƙara kuzari.

Mai ciwon suga da ke shan ƙwaya ko allurar insulin, in ya haɗa da jinsen, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa, ya ji jiri da karkarwa, balle a ce yana azumi. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, jinsen na iya rage wa maganin ƙarfi. Mai juna biyu, mai shayarwa da ƙananan yara su bar ta kwata-kwata. Babba mai lafiya ma kada ya zarce wata 6 yana sha.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne algus. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha kama zuma da kofi na "ƙarfin maza" da aka ɓoye sildenafil a ciki, wato sinadarin Viagra, ba tare da an rubuta ba. Mai ciwon zuciya da ke shan maganin buɗe jijiya, in ya haɗa da wannan, jininsa na iya sauka farat ɗaya. Kuma na sani, kunya ce ke hana maza faɗa mana, sai abu ya ɓaci a ce ai jifa ne.

Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ka biya. Lambar ma ba shaida ba ce cewa duk alkawarin da ke jikin kwalin gaskiya ne. In kana kan wani magani, ɗauko kwalin ka kawo mana mu karanta tare.

Shi kuwa ɗan kabu-kabun, na ce masa, "Malam, ajiye wannan, ka je ka yi barci, ka dawo jibi." Ya dawo, jinin ya sauka. Ledar tana cikin durowata, ita nake ɗaga wa mata ranar awo don su gane ta in sun gan ta a aljihun maigida.